Ƙaro ilimin ma'aikatan jin daɗin jama'a: a daina ƙirga awanni, a duba aikin

Babu mai yarda likita ya ci gaba da rubuta maganin da ya koya shekara ashirin da suka wuce ba tare da ya sake leƙa littafi ba. Amma da an zo kan ma'aikacin jin daɗin jama'a sai magana ta sauya. Wannan fa shi ne ke shiga gida ya duba ko yaro na cikin haɗari, shi ke zama da matar da ake duka, shi ke rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi ya yanke makomar maraya. Duk da haka za ka ji ana cewa ai aikin zuciya ne, in dai mutum na da tausayi ya wadatar. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma akwai wani tsohon labari da duk mai wannan ra'ayi ya kamata ya ji.

A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka, domin kare yara maza daga faɗawa aikata laifi. An ɗebi yara fiye da 500, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A kashi na farko an ba kowane yaro mai ba shi shawara da ke ziyartarsa, an taimaka masa da karatu, an kai shi wurin likita in ya buƙata, wasu har an tura su sansanin hutu. Kashi na biyu aka bar su yadda suke. An yi kimanin shekara biyar ana wannan hidima. Bayan shekara talatin, masaniya Joan McCord ta bi sawun waɗannan mutane, ta wallafa abin da ta gano a 1978. Waɗanda aka yi wa hidimar ba su tsere wa takwarorinsu da komai ba. A wasu fannoni ma sun fi su shiga uku: maimaita laifi, shan giya, ciwon ƙwaƙwalwa, mutuwa da wuri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka tambaye su, mafi yawan waɗanda suka amsa sun ce shirin ya taimake su, kuma suna tuna masu ba su shawarar da alheri.

Ka ga ke nan ma'aikatan sun yi da zuciya ɗaya, yaran sun gode, kuma duk da haka an yi ɓarna. Kyakkyawar niyya ba ta nuna wa kowa kuskuren ba, godiyar waɗanda aka yi wa aikin ma ba ta nuna ba. Bincike ne ya nuna, shi ma sai bayan shekaru da yawa. Ma'aikacin da ya rufe littafi ranar da ya karɓi takardar shaidarsa ba shi da hanyar da irin wannan labari zai iske shi.

Haka aka yi da wata hanya da aka daɗe ana koyarwa, ta tara waɗanda bala'i ya rutsa da su nan take a sa su zayyana duk abin da suka gani da abin da suka ji a zama ɗaya. An ɗauka tana hana ciwon firgici. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kai, sai aka ga ba ta hanawa, wasu ma tana ƙara musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi ta. Tun 2011 ta fitar da jagora kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, inda aka fi ba da ƙarfi ga saurare ba tare da matsa wa mutum ya yi magana ba, da biya masa buƙatunsa na gaggawa, da haɗa shi da danginsa. Wanda aka horar da tsohuwar hanya zai ci gaba da ita har ya yi ritaya in ba a sake zaunar da shi ba.

Sannan matsalolin da kansu ba sa tsayawa wuri ɗaya. A 2015 Ingila da Wales suka mayar da takura wa abokin zama laifi a doka, wato hana shi kuɗi, raba shi da 'yan uwa, bin diddigin wayarsa da tsoratar da shi, ko da ba a taɓa ɗaga masa hannu ba, kuma hukuncin na iya kai ɗaurin shekara biyar. Ma'aikacin da aka koya wa neman tabo a jiki kawai zai shiga irin wannan gida ya fito ya rubuta cewa lafiya lau. Ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Amurka ta gyara ƙa'idojin aikinta a 2017 saboda aiki ta waya da intanet, domin tambayoyi irin su ko ya halatta ma'aikaci ya leƙa shafin Facebook na wanda yake taimaka wa ba su cikin manhajar waɗanda suka yi karatu tun da daɗewa.

Saboda haka ina goyon bayan a wajabta ƙaro ilimi, a ɗaure shi da sabunta lasisin aiki. Inda na sha bamban da da yawa daga hukumomin da ke kula da sana'ar shi ne ma'aunin da suka zaɓa. A jihar New York ana buƙatar awa 36 cikin kowace shekara uku. A California awa 36 ne cikin shekara biyu ga masu lasisin ba da magani ta hanyar shawara. Na san abin da ya sa ake son awa: tana ƙirguwa, ba a gardama a kanta, jami'i ɗaya zai iya duba takardun mutum dubu. Amma awa tana shaida zama ne kawai. Duk wanda ya taɓa halartar taron bita ya san yadda abin yake kasancewa a wasu lokuta: a sa hannu a takardar mahalarta, mai gabatarwa ya karanta abin da ke kan allo, rabin zauren na amsa saƙon ofis a waya, a raba satifiket a watse. Wa'adin sabunta lasisi na ƙaratowa sai mutum ya nemi kwas mafi sauƙi da araha a intanet ya cike gibin. Ban ga laifinsa ba, abin da aka nema a wurinsa ya kawo.

Akwai hujja a kan wannan daga fannin lafiya, inda aka fi gwada abin. Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta fitar a 2009 kan tarurrukan ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya ya nuna cewa suna gyara aiki, amma kaɗan ne, kuma waɗanda aka haɗa lacca da gwaji da tattaunawa sun fi lacca zalla tasiri. Ya kuma nuna cewa da wuya taro shi kaɗai ya sauya ɗabi'ar aiki mai sarƙaƙiya. To wane aiki ya kai zama da uwa da ake zargi da sakaci sarƙaƙiya? Ba a koyon yadda ake tambayar yaro ɗan shekara shida ba tare da an sa masa magana a baki ba ta hanyar sauraron lacca. Sai an gwada, wani gwani ya kalla, ya gyara, an sake gwadawa.

Darasin da ya fi zafi ya fito ne daga Landan. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas ta rasu a hannun waɗanda ke riƙonta, bayan watanni ana azabtar da ita, alhali ma'aikatan jin daɗin jama'a da 'yan sanda da asibitoci duk sun san da ita. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Laming ya fitar da rahotonsa a Janairun 2003 da shawarwari 108. Ya gano cewa abubuwan da aka kasa yi ba masu wuya ba ne: a karanta fayil, a zauna da yarinyar a saurare ta da kyau, a bi diddigin abin da wani ya rubuta. Ma'aikaciyar da ke riƙe da lamarin ba ta daɗe a aiki ba, fayiloli sun yi mata yawa, kuma ba ta samu na gaba da ita da zai zauna ya duba aikin tare da ita yadda ya kamata ba. Laming ya ɗora mafi girman alhakin a kan shugabanni. Bayan haka aka yi ta ƙara ƙa'idoji da fom-fom da wa'adodi, har sai da Farfesa Eileen Munro, a rahotonta na 2011, ta ce tsarin ya koma damuwa da bin ƙa'ida fiye da tambayar ko an taimaki yaron, ta nemi a ba ma'aikata damar yin hukunci da iliminsu, a kuma gina wuraren aiki da ke koyo daga abin da ya faru.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga hanyar da Ingila ta ɗauka bayan sabuwar hukumar kula da sana'ar ta karɓi aiki a Disamban 2019. Ba ta ƙirga awa. Tana buƙatar ma'aikaci ya rubuta aƙalla abu biyu da ya koya a shekara, ya bayyana yadda suka shafi aikinsa, kuma ɗaya daga ciki sai ya zama ya tattauna shi da abokin aiki ko shugabansa. Abin da aka koya zai iya fitowa daga kwas, zai iya fitowa daga ƙorafin da wani ya shigar, ko daga shari'ar da ta zo da abin da ba a zata ba.

Za a ce ai wannan ma ana iya yin sa na jeka-na-yi-ka, musamman yanzu da manhaja ke iya rubuta wa mutum shafi guda na nadama da tunani cikin daƙiƙa kaɗan. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan suka ba. Abu biyu a shekara ma ya yi kaɗan a ganina. Amma maganin ba komawa ga ƙirgar awa ba ne. A ƙara nauyin ɓangaren da ba a iya ƙirƙira a ɓoye: gwani ya raka ma'aikaci ziyara ya ga yadda yake magana da mutane, a zauna a buɗe fayil na gaske a bi shi daki-daki, a ji ta bakin waɗanda aka yi wa aikin, tare da tuna cewa godiyarsu kaɗai ba hujja ba ce. Akwai kuma abubuwan da dole a koyar kai tsaye a kuma jarraba, kamar sabuwar doka ko alamomin mai niyyar kashe kansa.

Saura batun wanda zai ɗauki nauyi. Wannan sana'a ba ta masu babban albashi ba ce a kusan ko'ina. In hukuma ta wajabta ƙaro ilimi, ma'aikata kuma ta ce kowa ya biya daga aljihunsa ya yi a lokacin hutunsa, an ɗora haraji ne a kan mafi rauni, an kuma buɗe kasuwa ga masu sayar da satifiket. Mutumin da ya kwana yana tunanin yaron da bai samu ya ziyarta ba, ba ya iya ɗaukar sabon darasi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiya mai tsanani ta jiki da zuciya a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, kuma waɗanda ke kwana suna tashi da baƙin cikin mutane na cikin masu fama da shi. Ingila ta fahimci wani ɓangare na wannan tun 2012, da ta tsara wa sababbin ma'aikata shekarar farko ta musamman, a rage musu fayiloli, a ware musu lokacin koyo, a yawaita zama da mai duba aikinsu. Ban ga dalilin da zai sa wannan kulawa ta ƙare da shekarar farko ba, tunda mafi wuyar lamura ana miƙa su ne ga waɗanda suka kwana biyu a aiki.

Don haka in hukuma za ta tambayi ma'aikaci me ya koya a bana kafin ta sabunta masa lasisi, to ta aika wa ma'aikatarsa da tata takardar: fayil nawa yake riƙe da su, sau nawa shugabansa ya zauna da shi a kan aikin, kwana nawa aka sake shi ya je horo, kuma wa ya riƙe masa fayilolinsa a kwanakin.