Wa Ya Duba Facin Da Ke Jikin Jirgin Nan?

Awa 5 muka yi zaune a filin jirgi, ni da wasu bayin Allah fiye da 100, muna jiran jirgin da aka ce zai tashi zuwa Legas da ƙarfe 9 na safe. Ba zaman ne ya ƙona min rai ba, wanda ya saba tafiya a ƙasar nan ya san jira. Abin da na gani ta gilashi ne, da kuma amsar da aka ba ni lokacin da na buɗe baki na tambaya.

Jirgin yana tsaye muna kallonsa. Motar nan da ke jan kekunan kaya ta zo da gudu, ta juya ba daidai ba, keken ƙarshe ya daki cikin jirgin kusa da ƙofar zuba kaya. Ba labari aka ba ni ba, a idona aka yi. Nan da nan mutum biyu masu rigar aiki suka zo, ɗaya da tocila, ɗaya da takarda. Mai tocilan ya durƙusa, ya shafa wurin da tafin hannu, ya girgiza kai. Can sai ga wani mai kwat da waya a kunne, yana nuna agogonsa yana ɗaga hannu sama. Ban ji abin da suke faɗa ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga ɗan kamasho yana matsa wa bakanike ya san wannan zancen ko ba sauti.

Mu kuwa a ciki sanarwa ɗaya ake maimaita mana: an samu jinkiri saboda "dalilan aiki". Dalilan aikin wa? Wajen azahar sai muka ga an manna wani abu mai ƙyalli kamar salataf a wurin, ƙarfe 2 aka ce mu hau. Na tsaya gaban yarinyar da ke duba tikiti na ce, "'Yata, jirgin nan da aka buga ɗazu, wa ya duba shi?" Ta ce ba ta sani ba. Na ce a kira min wanda ya sani. Mai kwat ɗin nan ne ya zo, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, in ba ka yarda da jirgin ba, ga tasha nan, akwai motar dare." Wani dattijo a bayana ya taɓa ni ya ce, "Malam, ka bari mu tafi, abin da Allah ya rubuta ba makawa."

To, na hau. Ina da alƙawari a asibiti washegari, kuɗin tikitin kuma ya kusa albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Amma tun daga tashi har sauka ban daina Hasbunallahu ba.

Da dare na kira wani ƙanena da ke aikin gyaran jirage a ƙasar waje, na zayyana masa. Ya ce, "Yaya, salataf ɗin da ka gani ba laifi ba ne a kan kansa." Na alminiyam ne, an yi shi don wannan aiki, ana rufe ƙaramar matsala da shi na ɗan lokaci. Amma ya ce ba ya riƙe nauyi, kuma ba ya maye gurbin awo. Kowane jirgi yana da littafin gyaran gangar jiki da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Lotsawa kamar wadda na gani sai an auna zurfinta da faɗinta da nisanta daga layin ƙusoshi, a gwada da iyakar da littafin ya yarda, wani lokaci a sa na'ura a duba ko akwai tsagewar da ido ba ya gani. Daga nan injiniya mai lasisi ya rubuta a littafin jirgin, ya sa hannu da lambarsa. In an yi haka, jirgin lafiyarsa ƙalau. In ba a yi ba, Allah ne kawai ya rufa asiri.

Kuma a nan ne fushina yake. Mai yiwuwa an yi komai bisa ƙa'ida, to me ya hana a faɗa mana? Minti 1 ya isa matuƙi ya ce, "An daki jirgin, injiniya ya auna, ya sa hannu." Sai dai a tura ka tasha, kamar wanda ya zo roƙon a rage masa hanya.

Mutane suna ɗauka jikin jirgi kamar bodin mota ne, in ya lotse ado kawai ya ɓaci. Ba haka ba ne. Fatar jirgi siririya ce, a wurare da dama kaurinta bai kai milimita 2 ba, kuma ita ma tana ɗauke da nauyi. Duk lokacin da jirgi ya hau sama ana cika cikinsa da iska don mu iya numfashi, sai gangar ta ɗan kumbura kamar balan-balan, in ya sauko ta saki. Yau da gobe, sau dubbai. Ka ɗauki wayar ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙewa, ka ga inda za ta kai ka. Ƙarfe ma yana gajiya, kuma daga bakin ƙusa ko inda aka karce yake fara tsagewa.

Abin tsoron shi ne mugun gyara ba ya nuna kansa ranar da aka yi shi. Kwanciya yake yi.

A 1978 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya goga jelarsa a ƙasa wajen sauka a Osaka. Bangon baya da ke riƙe iskar cikin jirgin ya lalace, ma'aikatan Boeing da kansu suka zo suka gyara. Maimakon faranti ɗaya da layin ƙusa biyu su riƙe haɗin, sai aka yanka farantin gida biyu, wani ɓangaren ya rage a kan layin ƙusa ɗaya. Aka rufe, aka sa hannu. Jirgin ya yi shekara 7 yana aiki, ya tashi fiye da sau 12,000. Ranar 12 ga Agusta, 1985, ya tashi daga Tokiyo, bangon nan ya fashe, ya ɓalle mafi yawan jelar, ya tsinke duk bututun man da matuƙa ke sarrafa jirgin da su. Sun yi kusan rabin awa suna kokawa da shi kafin ya faɗa kan dutse. Mutum 520 suka mutu, 4 kaɗai suka rayu. Layin ƙusa ɗaya! Wannan ai ya wuce gyaran gangar auzinawa.

Mugun gyaran wani jirgin Taiwan ya fi wannan daɗewa a kwance. Jirgin ya goga jela a Hong Kong a 1980, aka ɗora faci a kan wurin ba tare da an cire ɓangaren da ya karce ba, facin kuma ya ɓoye tsagewar da ke girma a ƙarƙashinsa. Sai bayan shekara 22, ranar 25 ga Mayu, 2002, jirgin ya tarwatse a sama da mutum 225. Wasu daga cikin fasinjojin ko haihuwarsu ba a yi ba ranar da aka yi wannan facin.

Dattijon da ya ce min abin da Allah ya rubuta ba makawa, gaskiya ya faɗa, kuma na girmama shi ban ja da shi ba. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma mu 'yan Arewa, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. DC-8 ne da Nigeria Airways ta yi hayarsa daga wani kamfanin Kanada mai suna Nationair. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kwanaki kafin ranar. Bincike ya gano an sauya lambobin awon iskar a takardar gyara. Da makaniki ya nemi a ƙara wa tayoyin iska kafin tashi, ba a samu a kusa ba, wanda ke kula da aikin jigilar kuma bai yarda a yi jinkiri ba. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar. Mutum 261, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikin hajjinsu. Akwai gidaje a Sakkwato da kewaye da har yau ba su manta ranar ba. Wannan ba tsagewar ƙarfe ba ce, amma cutar ɗaya ce: mai agogo ya rinjayi mai sifana, biro ya gyara abin da hannu bai gyara ba. Shi ya sa da na ga mai kwat ɗin nan yana nuna agogo, gabana ya faɗi.

Za a ce ai akwai hukuma. E, akwai. A Najeriya NCAA ce ke ba jirgi takardar cancantar tashi, ita ke ba injiniyoyi lasisi, ita ke amincewa da jadawalin binciken kowane kamfani. Akwai kuma ƙa'idojin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, da ƙasashe suka sa wa hannu. A takarda komai ya ji. Amma ko a Amurka da ake kafa misali da ita, an ga yadda sufeto ke zama abokin shan shayin wanda aka tura shi ya bincika. A 2008 aka gano kamfanin Southwest ya ci gaba da tashi da jirage 46 ba tare da an yi musu binciken tsagewar gangar jiki da doka ta wajabta ba, kuma da sanin wani jami'in FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka. Da aka duba daga baya, an samu tsagewa a 6 daga ciki. Wasu sufetoci biyu ne suka ƙi yin shiru, suka kai magana har majalisa, hukumar ta nemi tarar dala miliyan 10.2. In kura ta samu ajiyar nama a can, inda albashin sufeto ke riƙe shi, wa zai ce min in kwantar da hankali a nan ba tare da an nuna min komai ba?

Ga kuma tsadar gyara. Babban bincike, wanda ake kwance kujeru da bene a leƙa ko'ina don neman tsatsa da tsagewa, yana zuwa ne kusan duk shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma yawancin kamfanoninmu waje suke kai jirgi a yi masa, da dala suke biya, alhali da naira suke sayar da tikiti. Jirgi ya yi makonni a rumfar gyara ba ya kawo ko sisi. Wanda ke da jirage 3 yana sayar da tikitin jirage 6, kana jin zai so a ce masa ɗaya ya kwanta? Ban ce kowa na ha'inci ba. Na ce jarrabawar tana nan kullum, kuma aikin hukuma ke nan, ta tsaya a kan wuyansu.

Bayan haɗarin jirgin sama na Gwammaja a Kano a watan Mayun 2002, gwamnati ta hana tashi da jiragen BAC 1-11, irin wanda ya faɗi, ta kuma kafa iyakar shekara 22 a kan tsofaffin jirage. Ya yi kyau, amma kada a ruɗe mu da shekaru. Jirgin kamfanin Aloha da rufinsa ya yaye a sararin Hawai a 1988, iska ta fizge ma'aikaciya ɗaya, shekarunsa 19 ne, sai dai ya tashi ya sauka kusan sau 90,000 a gajerun tafiye-tafiye cikin iskar teku mai gishiri. Shi kuwa Boeing 737 na kamfanin Alaska da murfin ƙofarsa ya fice a sama ranar 5 ga Janairu, 2024, bai cika wata 3 da fara aiki ba. An buɗe murfin a masana'anta don gyara wasu ƙusoshi, aka mayar ba tare da ƙusoshi 4 da ke riƙe shi ba, kuma ba a rubuta an buɗe ba, don haka ba wanda ya zo ya duba. Sabo fil da tsoho tukuf, duk abu ɗaya ya ci su, ba a duba ba, ko an duba da ido ɗaya.

Mu ma fasinjoji muna da namu laifin, gara in faɗa. Ranar nan akwai wani mai babbar riga da ya yi ta dukan kanta yana cewa shi dai a tashi, yana da taro da minista. Wasu suka mara masa baya har da ihu. Kana zagin mutumin da ke ƙoƙarin auna ramin da ke jikin abin da zai ɗauke ka ƙafa 30,000 sama! In mota ta lalace a hanyar Zariya sai a gangara gefe a buɗe bonet, fasinja ya sauka ya sha rake. A can sama ina gefen?

Ni ba na neman a daina jinkiri. A jinkirta ni kwana guda in dai gyara ake yi, zan shimfiɗa darduma in kwana a wurin. Abin da nake nema a daina raina mana hankali. In an daki jirgi a gaban mutane, a fito a ce an daka, a faɗi abin da aka yi. Hukuma ta riƙa wallafa sakamakon binciken da take yi wa kamfanoni da tarar da ta ci su, da suna da dalili, yadda mai sayen tikiti zai san hannun wa yake miƙa ransa. Kuma injiniyan da ya ƙi sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba, a ba shi kariyar da mai kwat ba zai iya korarsa washegari ba. Fuskar mai tocilan nan nake ta tunawa, yadda ya girgiza kai, da yadda ya sunkuyar da shi lokacin da ake nuna masa agogo.

Na rubuta wa kamfanin takarda, na ba su rana da lambar tafiya, na yi tambaya ɗaya tak: an auna lotsawar, kuma an shigar da ita littafi? Sati 3 ke nan. Abin da ya shigo wayata daga wurinsu shi ne saƙon tallar rangwamen tikitin Sallah.