Duba-gari ya kamata ya dawo, amma wajen mai gidan haya zai fara

A hunturun farko da na yi a arewacin Ingila, bangon ɗakin kwanana ya fara yin baƙi daga kusurwar taga, fumfuna ta bi bayan kabad har ta kama rigunana biyu na shadda. Na kira mai gidan sau uku, kullum amsarsa ɗaya ce, wai in riƙa buɗe taga. Wata maƙwabciyata ce ta nuna mini cewa ƙaramar hukuma na da sashe na musamman da ke karɓar irin wannan kuka. Bayan 'yan makonni wani jami'i ya zo, ya ɗora na'urar auna danshi a bangon, ya ɗauki hotuna, sannan ya rubuta wa mai gidan takarda mai ɗauke da wa'adi. Kafin wa'adin ya cika an gyara bututun da ke yoyo a cikin bangon.

Ikon wannan jami'i ya samo asali ne daga dokar gidaje ta 2004, wadda ta ba ƙananan hukumomi damar shiga gidan haya su auna haɗurra kamar danshi, tsananin sanyi, gobara da wayar lantarki da ta lalace, su kuma tilasta gyara ko su ci tara mai nauyi. Duk da haka ba zan ce komai lafiya lau yake a nan ba. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale da ke arewacin Ingila saboda fumfunar da ya daɗe yana shaƙa a gidansu. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kuka, aka ce masa ya shafe wurin da fenti. Doka tana nan a rubuce duk tsawon waɗannan shekaru, abin da babu shi ne wa'adin da zai hana a yi wa talaka “je ka ka dawo”. Sai bayan rasuwarsa aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025 a gidajen haya na hukuma da na ƙungiyoyin samar da gidaje: haɗarin gaggawa a magance shi cikin awa 24, danshi mai tsanani kuma a bincika cikin kwanakin aiki 10.

Duk lokacin da na tuna wannan sai zuciyata ta koma Kano, ga ɗakin da ƙanena yake haya da iyalinsa. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, amma da damina ta sauka matarsa ke jera robobi a tsakar ɗaki tana tarar ruwan kwano, yara kuma a matsar da tabarmarsu gefe. Masai ɗaya ne ga iyali shida, kuma bangonsa ya tsage. Da ya yi magana, mai gidan ya ce masa in ba zai iya zama ba akwai masu jira. Daga nan ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa, sai dai ta mai unguwa, shi kuwa roƙo kawai zai iya yi.

Ba wai ba mu san bincike ba ne. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da kwata da bayan gida, kuma jin ya shigo unguwa kaɗai ya isa mata su ɗauki tsintsiya. Har yanzu akwai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, akwai kuma hukumar tsara birni, KNUPDA, mai ba da izinin gini. Sai dai ɗaya tana duba titi, ɗaya tana duba gini kafin a shiga, babu mai komawa ya ga halin da gida yake ciki bayan shekara goma ana karɓar haya a kansa.

Ra'ayina shi ne a farfaɗo da aikin duba-gari a ƙananan hukumomin birni, amma a sauya masa alƙibla. Na dā mazaunin gida yake ci wa tara, wanda a gidan haya shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Shara da kwata hakkin ɗan haya ne, wannan ba gardama. Rufi, bango, masai da wayar wuta kuwa suna wuyan wanda ke karɓar kuɗin shekara, kuma takardar gyara sunansa ya kamata ta ɗauka, da ranar da za a dawo a duba. Dole kuma a hana korar ɗan haya saboda ya kai ƙara, domin ƙanena ba zai buɗe baki ba muddin ya san takardar tashi ce za ta biyo bayan zuwan jami'i.