Mu daina shan maganin damuwa kamar Panadol

Na daɗe ina son yin wannan magana, tsoron tona asirin gida ke hana ni. Amma jiya na ga wani a nan yana ba mutane shawara cewa duk wanda barci ya ƙaurace masa ya je kemis ya sayi amitriptyline, wanda asalinsa maganin ciwon damuwa ne. Sai na ce shirun ya isa haka.

Shekara biyu da suka wuce ƙanina ya kamu da ciwon damuwa. Ba ya ci, ba ya fita, ko wanka sai an yi da gaske. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, daga baya muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka rubuta masa sertraline, ƙwaya ɗaya kullum. Kwana goma babu sauƙi, sai ma tashin zuciya da ciwon kai. Hajiyarmu ta ce, "Maganin nan bai karɓe shi ba, a ajiye." Muka ajiye. Laifinmu ne, domin likita ya gaya mana tun farko cewa sai an yi mako 2 zuwa 4 ana sha kafin a fara ganin amfani, wani ma sai ya kai mako 6. Mu kuwa mun saba da maganin da za ka sha da hantsi, kafin azahar kai ya sake ka.

A karo na biyu ya daure. Bayan wata biyu ya koma shago, har dariyarsa ta dawo. Rana ɗaya ya ce ya warke, ya watsar da maganin. Ba a yi kwana huɗu ba sai ga jiri, ga munanan mafarkai, yana cewa kamar lantarki ke fizgar kansa. Maƙwabta suka samu abin faɗa: "Ai dama ƙwaya ce, ta kama shi." A nan nake saɓa wa mutane. Maganin nan ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar ɗan ƙwaya. Jiki ne ya saba da shi, shi ya sa ake janye shi kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita. Kuma ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, in ba haka ba ciwon na iya dawowa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tiramol. Kowa ya san yadda yake yawo a hannun matasanmu, wasu don ƙarfin aiki, wasu don ciwon jiki. Haɗa shi da magungunan damuwa irin su sertraline ko fluoxetine na iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. In kana shan sa, gaya wa likita. Haka jiƙo da sassaƙen da ake sha a gida, haka mai ciki ko mai shayarwa, duk a gaya wa likita.

Shi kuma amitriptyline ɗin da ake tallatawa, tsohon magani ne mai araha, yana aiki, amma in ya yi yawa zuciya yake taɓawa, yana kisa. Ba abin barinsa a kan madubi inda yara ke wasa ba ne.

Iyaye, ku sa ido sosai a makonnin farko, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan waɗannan magunguna cewa tunanin kashe kai na iya ƙaruwa ga yara da matasa a farkon sha. In kun ji irin wannan furuci a bakinsa, a ranar za ku koma asibiti.

Akwai kuma wadda maza ba sa faɗa. Wani lokaci maganin na rage sha'awa, sai magidanci ya yi shiru ya daina sha. Malam, likita ya ji wanda ya fi wannan, kuma yana iya rage maka ko ya canja wani.

Na san da zarar an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware sai gaban mutum ya faɗi, kada a ce masa mahaukaci. Ni ma ranar farko sai da na waiga kafin na shiga ƙofa. Yanzu tare muke zuwa da ƙanin nawa duk ranar da aka ba shi. Da azumin bara ya matso, tambayar likita muka yi, ya ce ya mayar da ƙwayar lokacin sahur, kuma haka ya yi har aka ga watan Sallah.