Ɓoye wa yaro mutuwa ba tausayi ba ne

Wani marubuci ya ce iyayen da ba su bin addini ba su da abin faɗa wa yaro in kakarsa ta rasu, sai dai su yi gum. Ban yarda ba. Binciken Pew, wata cibiyar bincike ta Amurka, na 2024 ya nuna kashi 28 cikin 100 na manya a Amurka ba sa bin wani addini, amma yawancinsu sun yarda da Allah ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kuma ɗan shekara 4 ba lahira ce damuwarsa ba, tambayarsa ita ce yaushe za ta dawo, tana jin yunwa? Masana halayyar yara sun nuna sai wajen shekara 5 zuwa 7 yawancin yara ke gane wanda ya mutu ba ya dawowa. Shi ya sa "ta yi barci" ke da haɗari, yaro kan ji tsoron kwanciya. Kai kuma Malam da ka yi sharhi a kan rubutun ka ce a ɓoye wa yaro mutuwar kawai, ni mai imani ne, amma ina girmama uban da zai ce "jikinta ya daina aiki, ba ta jin ciwo, kawunka ya yi imani tana wurin Allah, ni ban sani ba." In ka ɓoye masa, ran da ya ji a bakin ɗan ajinsu, zai ƙara zuwa maka da tambaya?