Cin da ya ƙi tsayawa ba haɗama ba ne

A Gusau, idan budurwa ta shige ɗaki da dare ta share ragowar tuwon gida, ciki na ciwo amma hannu ya ƙi tsayawa, sai a ce haɗama ce, wasu har su ɗora wa aljanu. In hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, a ɓoye, kunya na biyo baya, cuta ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Gori da hana abinci ƙara hura wutar suke yi, domin yunwar ce ke jawo wani cin. A kai ta asibitin tarayya na Gusau ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware a jihar Sakkwato. Maganin galibi tattaunawa ce da masanin halayyar ɗan'adam, tare da tsayar da lokutan cin abinci.