Ni da bunsurun godiyar kaka

Duk wanda ya san Baba Fasto ya san ba ya gajarta addu'a. Mutumin da yake tashi kowace asuba ya aiko mana da aya da kalmar ƙarfafawa ta WhatsApp, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi gidajen marasa lafiya da gwauraye har ƙauyukan bayan Kafanchan, ya cancanci a yi masa haƙuri, kuma dattawa sun ce haka yake tun da ya fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro. Sai dai ranar Lahadin godiyar kaka, nauyin haƙurin nan a kaina ni kaɗai ya sauka.

An jibge doya da damman dawa da buhunan citta a gaban bagade, Zumuntar Mata sun shigo da rawa, sai ga wani ya jawo baƙin bunsuru mai gemu. Kafin in ankara, dattijonmu ma'aji ya danƙa mini igiyar ya ce, "Ɗana, riƙe na minti biyu." Ina sanye da farar shadda wadda na karɓo daga wajen tela a daren Asabar.

Baba Fasto ya ce, "Bari mu yi addu'a," kowa ya rufe ido. Ya fara da gode wa Allah saboda ruwan sama, wata bayan wata, tun daga Afrilu. Yana cikin Yuni bunsurun ya gano damin dawa, ya miƙa wuya, na ja shi baya, ya ja ni gaba, muka yi ta haka shiru ba mai son a ji motsinsa. Da aka iso Agusta sai ya zagaya ni sau biyu, igiya ta ɗaure mini ƙafafu, har ya zama ba ni da ikon ɗaga ko ɗaya. Daga nan ya tsaya cik, ya buɗe ƙafa, na ji ɗumi yana gangarowa daga gwiwata zuwa cikin takalmi. Wanda ya taɓa shaƙar warin bunsuru ba ya bukatar ƙarin bayani. A daidai lokacin da Baba Fasto ya ɗaga murya ya ce, "Ya Ubangiji, ka ji kukan bayinka," dabbar nan ta saki wani kuka mai tsawo wanda ya shiga makirfo ya fito ta lasifika, kuma wata tsohuwa a sahun baya, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta amsa da ƙarfi, "Amin!" 'Yan ƙungiyar mawaƙa suka cusa fuskokinsu cikin littattafan waƙa, kafaɗunsu na rawa.

Ma'aji kuwa yana tsaye taku biyu daga gare ni, ido rufe gam, wai shi mai ibada. Na rantse na ga ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya mayar. Wannan mutumin ne fa yake ƙirga baiko sau uku saboda naira hamsin, amma ya kasa ganin ɗan'uwa cikin wahala. Da aka zo gwanjon kayan godiya bayan sujada, shi ne ya sayi bunsurun a araha, bayan ya shaida wa jama'a cewa dabbar ba ta da tarbiyya.

Washegari da asuba saƙon Baba Fasto ya shigo kamar kullum, kuma ayar ranar daga Matiyu 25:33 take, inda aka tsayar da tumaki a dama, awaki a hagu. Baba ya ce tun makon jiya ya tsara ta, na kuma yarda da shi. Shaddar dai tana wajen mai wanki, ya ce in ƙara masa kuɗin sabulu.