Maki biyu ba su ne ainihin hukuncin ba

'Yan uwa masu son teburin sinuka, akwai maganar da nake yawan ji game da wasan 14.1, wani nau'in wasan pool da ake sake jera ƙwallaye 14 duk lokacin da ɗaya ta rage a teburi, wanda Jerome Keogh ya ƙirƙiro a Amurka a 1910. Wai hukuncin kuskuren bugun farko ya yi sauƙi, maki biyu kacal a wasan da ake kaiwa 150. Ni dai ban yarda ba.

A wannan wasa kowace ƙwallo maki ɗaya ce, kuma sai ka faɗi ƙwallon da ramin da za ta faɗa kafin ka buga. Saboda haka babu mai fasa tsibin ƙwallaye goma sha biyar da ƙarfi kamar yadda muka saba. Doka ta ce a bugun farko, ko dai ka jefa ƙwallon da ka ambata, ko kuwa bayan farar ƙwallo ta taɓa tsibin, ita da wasu ƙwallaye biyu su isa bangon teburi. Gwanaye kan shafi ƙwallon kusurwa ta layin baya a hankali, biyu su fita su taɓa bango su dawo kusa da tsibin, farar kuma ta komo can nesa. Aiki ne na lallaɓawa. Shi ya sa wanda ya ci bugun tantance mai farawa yakan bar wa abokin karawarsa bugun farkon.

Idan ka gaza, a cire maka maki biyu, allo ya nuna kana ƙasa da sifili. Amma abin da masu ƙorafi ke mantawa shi ne, abokin karawarka yana da zaɓi: ya karɓi teburin yadda yake, ko ya sa a sake jera ƙwallayen ka sake bugawa. A nan zafin yake. Wanda ya buga a hankali har ƙwallo ba ta kai bango ba, karo na biyu hannunsa zai ƙara ƙarfi, ko yana so ko ba ya so. Da zarar tsibin ya ɗan buɗe, shi ke nan. A wasan ƙarshe na gasar Amurka ta 1966, Irving Crane ya jefa 150 a jere a gaban Joe Balsis ba tare da ya kuskure ba. A hannun irin waɗannan mutane, ƙwallo ɗaya da ta ware ta isa ta zaunar da kai a kujera har a tashi.

Wasu kuma na so a riƙa lissafa wannan kuskure cikin laifuka uku a jere, masu jawo ƙarin asarar maki 15. Dokar duniya ba ta lissafa shi, kuma daidai ta yi. An kafa dokar laifi uku ne don masu yin laifi da gangan su guje wa mummunan matsayi, alhali mai bugun farko ba shi da wata riba a gazawa. Idan kuwa ya cika sharaɗin amma farar ta faɗa rami, wannan laifi ne na yau da kullum, maki ɗaya.

Ku duba ma abin da ake yi wa mai laifi uku. Bayan an cire masa 15 ɗin, sai a sake jera ƙwallayen duka a ce shi zai yi bugun farko.